Yadi, laba da olonka: yadda ake juya awo a kasuwannin Kumasi

Mutum ɗaya a Kumasi yakan yi ciniki da awo iri huɗu kafin azahar. Fetur a gidan mai da lita ne, nama a wajen mahauta da laba, atamfa a kasuwar Kejetia da yadi, garin rogo da wake kuwa da olonka, wato gwangwanin da ake awon hatsi da shi a kasuwa. In ya fita bayan gari duba fili a lissafa masa da ƙafa, in ya kai ɗansa asibitin Komfo Anokye a auna yaron da kilo. A hukumance Ghana ta koma awon mita da kilo tun 1975, kuma hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa ce ke duba sikeli da famfunan gidajen mai. Sai dai kasuwa ba ta saki awon da ta gada daga Turawan Ingila ba, kuma ba na jin za ta sake shi nan kusa. Saboda haka ɗan Zango da ke saye da sayarwa dole ya iya tafiya da duka biyun.

Abin da na lura da shi shi ne, lissafin kansa bai cika kayar da mutane ba, kowace waya tana da na'urar lissafi. Inda ake yin asara shi ne wajen rashin tambaya: wane galan, wace oza, fuloti mai ƙafa nawa. Matambayi ba ya ɓata, to da tambayar za mu fara.

Mataki na farko: awon nan tsayayye ne ko na yarjejeniya?

Awo kashi biyu ne. Akwai tsayayye, wanda girmansa ɗaya ne a unguwar Aboabo ta Kumasi da Landan: inci, ƙafa, yadi, mil, laba, mita, lita, kilo. Tun 1959 Amurka da Ingila da wasu ƙasashe masu magana da Ingilishi suka daidaita a kan cewa yadi mita 0.9144 ne cif, laba kuma giram 453.59. Irin wannan ana juya shi da lissafi kawai.

Kashi na biyu shi ne awon da mutane suka saba da shi a tsakaninsu: olonka, gwangwanin madara, gwangwanin bota, kwalba, bokiti, buhu, fuloti, lodin tifa. Babu wata lamba da za ka ninka da ita ka ce ga nauyin olonka a ko'ina. Wannan kashin sai ka auna da hannunka, kuma zan yi bayanin yadda ake yi a gaba. Kakanninmu fataken goro da suka riƙa zuwa Salaga da ƙasar Asante sun kauce wa wannan rigima ta hanyar ƙirga: ƙwaryar goro guda 100 ce, komai girman ƙwaryar da aka zuba shi.

Bayan wannan sai ka tabbatar da abin da ake aunawa: tsawo ne, faɗin wuri ne, cikin mazubi ne, ko nauyi. Lita ba kilo ba ce, sai a ruwa kaɗai suke haɗuwa, inda lita 1 take kilo 1. Man girki ya fi ruwa sauƙi, litarsa wajen giram 920 ce, shi ya sa jarkar mai ta lita 25 take tashi kusan kilo 23 ban da nauyin jarkar.

Mataki na biyu: haddace lambobi kaɗan

Awon mita yana tafiya da goma-goma. Milimita 10 santimita 1, santimita 100 mita 1, mita 1,000 kilomita 1. Giram 1,000 kilo 1, kilo 1,000 tan 1. Mililita 1,000 lita 1. Faransawa suka tsara shi haka a shekarun 1790, da niyyar a huta da awon da ke canzawa daga gari zuwa gari. Na Ingila kuwa kowane mataki da nasa: inci 12 ƙafa 1, ƙafa 3 yadi 1, yadi 1,760 mil 1, oza 16 laba 1.

Gadar da ke tsakaninsu ba ta da yawa:

inci 1 = santimita 2.54
ƙafa 1 = santimita 30.48
mita 1 = ƙafa 3.28, ko yadi 1.094
mil 1 = kilomita 1.609
kilo 1 = laba 2.2
galan na Ingila = lita 4.55, na Amurka = lita 3.79
eka 1 = murabba'in ƙafa 43,560, hekta 1 = eka 2.47

Kafin ka danna waya, ka tambayi kanka: amsar ya kamata ta fi lambar da ke hannuna, ko ta gaza ta? Daga babban awo zuwa ƙarami lamba tana ƙaruwa, daga ƙarami zuwa babba tana raguwa. Kilo ya fi laba nauyi, don haka kilo 10 dole ya ba da laba fiye da 10. In amsarka ta fito 4.5, ka raba ne a inda ya kamata ka ninka.

Nama da kayan tafiya

Daga kilo zuwa laba, ninka biyu ka ƙara kashi ɗaya cikin goma na abin da ka samu. Jakar da kamfanonin jirgi da yawa suke yarda da ita kilo 23 ce: 23 sau biyu 46, ƙara 4.6, ya zama 50.6. Shi ya sa ɗan'uwanka da ke Amurka yake cewa laba 50, kai kana cewa kilo 23, alhali jaka ɗaya kuke nufi. Daga laba zuwa kilo, raba biyu ka cire kashi ɗaya cikin goma: laba 50, rabinta 25, cire 2.5, saura 22.5. Ainihin amsar 22.7 ce, kuma a cinikin yau da kullum wannan ya wadatar.

Amfaninsa a kasuwa shi ne kwatanta farashi. A ƙaddara mahauci yana sayar da laba sidi 40 na kuɗin Ghana, shagon sanyi kuma yana sayar da kilo sidi 80. Da ido sai ka ce na mahauci rabin kuɗi ne. Ninka 40 da 2.2, kilonsa ya tashi sidi 88. Yawancin sikelin mahauta mai allura yana da layi biyu na lambobi, ɗaya laba ɗaya kilo. Ka duba wane layi ake karanta maka, kuma ka ga allurar tana kan sifili kafin a ɗora naman.

Atamfa, shadda da tef ɗin tela

Turmi yadi 6 ne, wato mita 5.49, cikakken bandir na yadi 12 kuwa mita 10.97. Ga mai sayen atamfar kamfanonin Ghana, GTP ko ATL, babu damuwa, an riga an yanka. Damuwar tana wajen masu saro yadi daga Dubai, China ko Lome, inda wasu suke lissafi da mita. Nadi mai mita 50 yadi 54.7 ne: turmi 9 da ɗan saura da bai kai yadi ba. In aka ce miki, "Hajiya, wannan mita biyar ne, daidai da turmi," ki sani yadi 5.47 ne, ya gaza turmi da fiye da rabin yadi, kuma a wajen ɗankwali za a ga giɓin.

Faɗi ma yana shiga lissafi. Atamfa takan kasance tsakanin inci 45 da 48, wasu yadikan maza kuma inci 60, wato santimita 152. Yadi huɗu na mai faɗin 60 ya fi yadi biyar na mai faɗin 45 yawan ƙyalle.

Ga telolinmu akwai abin da nake so su kula da shi sosai. Wasu tef masu araha da ake shigowa da su daga China suna ɗauke da incin China, wanda tsawonsa santimita 3.33 ne. A ido kamar na kullum yake. Tela ya auna ƙugu da shi ya rubuta 26, yaronsa ya yanka da tef na gaskiya, ga shi ƙugun mutumin inci 34 ne. Gwajin ba wuya: ka juya tef ɗin, inci 10 ya faɗa daidai kan santimita 25.4. In ya faɗa kan 33, ka fitar da shi daga shago. Tef ɗin roba da ya tsufa kuma yakan miƙe, sai ka riƙa gwada shi da rula ta ƙarfe lokaci-lokaci.

Fili: inda kuskure ya fi tsada

Fuloti ba shi da girma guda. A wata unguwa ƙafa 100 ne tsawo da 100 faɗi, a wata 100 da 80, a wata 100 da 70. Na farko murabba'in ƙafa 10,000 ne, na ƙarshe 7,000. Mutum biyu za su iya cewa kowa ya sayi fuloti ɗaya, amma na ɗayan ya gaza na ɗan'uwansa da kashi 30 cikin 100. Maganar da ake yawan yi cewa fuloti huɗu ne eka ta dace da mai 100 da 100 ne kawai, shi ma da ɗan saura, domin huɗu sun ba da 40,000, eka kuwa 43,560. In mai 100 da 70 ne, eka tana ɗaukar shida da ɗoriya kafin a cire hanya.

Ga yadda za ka bi. Da farko ka nemi tsawon kowane gefe da ƙafa, gefe huɗun duka, domin fili da wuya ya zo a miƙe. In gefuna biyu masu fuskantar juna sun ɗan bambanta, a ce 100 da 96, ka ɗauki tsakiyarsu, 98, don samun ƙiyasi. Ka ninka tsawo da faɗi. Ka raba abin da ya fito da 43,560, ka samu eka. Mai 100 da 70 zai ba ka 0.16, mai 100 da 80 zai ba ka 0.18, mai 100 da 100 kuma 0.23. Sannan ka ɗauko taswirar filin wadda safiyo mai lasisi ya sa wa hannu, ka ga ko ekar da aka rubuta a kanta ta yi daidai da lissafinka. In dillali ya ce cikakken fuloti ne mai 100 da 100, taswira kuma ta ce eka 0.16, to ɗayansu bai faɗi daidai ba, kuma takardar ce za ta je Hukumar Filaye. Kar ka biya sai ka je filin da tef mai tsawo, kai da safiyon da kai ka ɗauko, an nuna maka duwatsun iyaka.

In kana son murabba'in mita, a nan ne mutane da yawa suke zamewa. Sun san mita ƙafa 3.28 ce, sai su raba 7,000 da 3.28. Amma faɗin wuri gefe biyu gare shi, kowanne sai an juya shi, don haka lambar ita ce 3.28 sau 3.28, wato 10.76. Murabba'in ƙafa 7,000 murabba'in mita 650 ne. Wanda ya raba da 3.28 zai samu 2,134, ya ninka filinsa fiye da sau uku a takarda.

Manoma kuma su kula da eka da hekta. In umarnin taki ko maganin feshi ya ce kaza a kowace hekta, gonarka kuma eka ɗaya ce, kashi 40 cikin 100 na wannan adadin kake bukata. Wanda ya zuba na hekta a eka ya ninka maganin kusan sau biyu da rabi.

Kayan gini da na makanikai

Magini yana auna ɗaki da ƙafa, mai tayil yana sayarwa da murabba'in mita. Ɗaki mai ƙafa 12 da 14 murabba'in ƙafa 168 ne. Raba da 10.76, ka samu 15.6. Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ya zama 17.2. Tayil mai santimita 60 da 60 yana rufe 0.36, kwali mai guda huɗu 1.44. Raba 17.2 da 1.44: kwali 12.

Rodi ana kiransa da inci, ana ƙera shi da milimita. Rabin inci milimita 12.7 ne, amma abin da za a miƙo maka da wannan suna yawanci mai 12 ne, wani ma bai kai ba. In injiniya ya rubuta 12 ko 16, ka saya da lambar milimita, ka sa a gwada kaurin a gabanka. Haka katako a kasuwar Sokoban: abin da ake kira biyu da huɗu milimita 50 da 100 ne a ƙiyasi, in an goge shi da inji kuma sai ya ragu.

A Magazin, unguwar makanikai da ke Suame a Kumasi, kowane yaron gareji ya san wasu sifanu suna shiga wa juna: 19 da uku bisa huɗu na inci kusan abu ɗaya ne, haka 8 da biyar bisa sha shida. Amma rabin inci 12.7 ne, sifana mai lamba 13 tana yi masa ɗan yawa, kuma a kan noti mai tsatsa wannan ɗan yawan ne ke cinye kusurwoyinsa. Iskar taya ma iri biyu ake rubutawa: 32 a awon psi daidai yake da 2.2 a awon bar.

Galan, jarka da motar Amurka

Idan direba a Ghana ya ce galan, lita 4.5 yake nufi, na Ingila. Littafin mota ko janareta da ya fito daga Amurka kuwa lita 3.79 yake nufi. A galan 10 bambancin ya kai lita 7.6. Jarkar nan mai ruwan ɗorawa da ake kira galan ɗin Kufuor sunan kawai ta ɗauka: lita 20 ko 25 take ci. Tankin ruwa mai lita 1,000 jarka 40 ne na mai 25, ko 50 na mai 20, kuma da wannan za ka gane ko sayen ruwan tanka ya fi maka sayen jarka-jarka. Robar fenti da ake kira galan ita ma ka karanta litar da ke jikinta.

Motocin da ake saukewa a Tema daga Amurka da mil suke ƙirga tafiya. Agogon da ya nuna 100,000 yana nufin motar ta yi kilomita 160,900. A ka, ninka da 8 ka raba da 5. Allon hanya a Ghana da kilomita yake magana: 50 na cikin gari mil 31 ne a agogonka, wanda ya ga allurarsa a kan 60 kuwa yana gudun kusan 97. In makanike ya ce a canza baƙin mai bayan kilomita 5,000, a irin wannan motar mil 3,100 ke nan.

Zafin jiki da magani

Ma'aunin zafi da 'yan'uwa suke aikowa daga waje wani lokaci da Faranhait yake karantawa. Cire 32, ninka da 5, raba da 9. Lafiyayyen jiki 98.6 ne, wato 37 a Salsiyos, 100.4 shi ne 38, inda ake fara cewa zazzaɓi. 102 kuwa 38.9. Mai gasa kek da ta ga 350 a umarni, 180 za ta sa a tanda mai Salsiyos.

Maganin yara da kilo ake lissafa shi. Uwar da ta hau da yaro kan sikelin gida mai laba ta ga 22, kilo 10 ke nan. In ta ce wa mai kemis 22 kawai, ana iya ba yaron ninkin abin da ya kamata. Ƙaramin cokali a takardar magani mililita 5 ne, babba 15, amma cokulan kicin ba su da girma guda. A yi amfani da ɗan kofin da ya zo da maganin ko sirinji mai lamba.

Mataki na uku: yi wa olonka lamba da kanka

Olonka tana auna ciki ne, don haka nauyin abin da ke cikinta ya danganta da kayan: gari ya fi masara da wake sauƙi, sabuwar masara mai danshi ta fi busasshiya nauyi. Ƙari a kan haka akwai tsororuwa, akwai hannun da mai awo ke tarewa da shi a bakin gwangwani, akwai gindin da ya lotsa ciki, ga kuma gyara. Ban ɗauki wannan duka a matsayin ha'inci ba. Yawancinsa sabo ne da mai saye da mai sayarwa suka sani. Sai dai mai dafa waakye (shinkafa da wake) ko koko na sayarwa ba za ta san ribarta ba in ba ta san kilo nawa take saye ba.

Ki sami ƙaramin sikeli mai batir. Ki fara gwada shi da abin da aka san nauyinsa, kamar ƙullin sukari ko shinkafa na kamfani mai kilo 1. Ki ɗora kwanon da babu komai ki mayar da sikelin sifili. Ki juye olonka ɗaya kamar yadda aka auno miki, ki rubuta nauyin da sunan kayan da wajen wanda kika saya. Ki maimaita a sayayya ta gaba da ta bayanta, ki ɗauki tsakiya. Sai ki raba kuɗin da kilon. In olonka ta zo kilo 2.5 a sidi 50, kilo sidi 20 ne; buhu mai kilo 50 a sidi 900 kuwa kilonsa 18. Yanzu kina da abin kwatantawa, kuma in kaka ta wuce ki sake awon, domin hatsi yana bushewa.

Buhu ma haka. Na siminti da na taki kilo 50 ne a rubuce. Na kokon da ake yin cakulan da shi kilo 64 ne har da buhun, 62.5 tsabarsa, shi ya sa buhu 16 suke yin tan. Amma buhun masara da ake kira na kilo 100 a Techiman ko Ejura yakan wuce haka nesa in an ɗinka masa baki da ƙari, kuma manomi ne ke ɗaukar asarar. Duk inda sikeli yake, a yi cinikin da kilo.

Zakka da zinariya

Sa'in zakkar fidda-kai mudun Annabi huɗu ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kowane mudu cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum. Shi ma awon ciki ne, shi ya sa ƙiyasin malamai da kilo yake bambanta, daga biyu da 'yan kai zuwa uku, gwargwadon hatsin. Wanda ke da mudun a gida ya auna da shi. Wanda zai yi da sikeli ya ɗauki adadi na sama.

Nisabin zinariya miskali 20 ne, wanda ake ƙiyastawa giram 85. Na azurfa dirhami 200, giram 595. Farashin zinariya na duniya da oza ake faɗarsa, amma ozar zinariya giram 31.1 ce, ta kicin kuma 28.35. Ka raba farashin oza da 31.1 ka sami na giram, ka ninka da 85. Wannan na tsantsar zinariya ne mai karat 24; sarƙa mai karat 18 kashi 75 cikin 100 ne zinariyarta, mai 21 kuma 87.5.

In ciniki ya tsallaka iyaka

Masu hulɗa da Lome, Wagadugu, Abijan da Yamai, har da masu karɓar albasa daga Nijar, su lura da yadda ake rubuta lamba a ƙasashen da ke aiki da Faransanci. A can waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta: 2,5 kg kilo biyu da rabi ne. Dubu kuma da tazara ake raba ta, ko da ɗigo, ta yadda 1.500 zai iya zama dubu ɗaya da ɗari biyar. Tan ɗinsu kilo 1,000 ne irin namu, amma takardar kaya daga Amurka tana iya nufin ƙaramin tan mai laba 2,000, wato kilo 907. In za ka aika oda ta WhatsApp, ka rubuta lambar da sunan awon a jere, ka sake faɗa da baki a saƙon murya: "Alhaji, mita hamsin nake so, faɗin inci sittin," sannan ka jira ya maimaita maka kafin ka tura kuɗi.